Amsa ga mai neman mai reno a Gwarinpa

Wa alaikumus salam Maman yara, barka da arziki, Allah ya raya mana. Idan na fahimce ki, hutun haihuwarki saura sati biyar ya ƙare, ga jaririya 'yar wata uku, ga yayanta ɗan shekara biyu da rabi, kuma wata dillaliya ta ce za ta kawo miki yarinya 'yar shekara 13 daga ƙauye, a dinga danƙa mata albashin ita ta kai wa iyayen. Kina tambaya ko ki karɓa, idan kuma ba haka ba ta ina za ki fara.

Kar ki karɓa. Yarinya 'yar 13 ita kanta reno take buƙata. Za ta iya goyo, za ta iya wanke fida, amma ranar da jaririya ta ƙware ko zazzaɓi ya rufe ta, tsoron faɗanki zai sa ta yi shiru har ki dawo. Sannan akwai doka: Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, ta hana a sa wanda bai kai 18 ba aikatau a gidan da ba na danginsu ba, kuma irin wannan jigilar yara daga ƙauye ita ce hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ke bibiya. Shi kuma albashin da ke bi ta hannun dillaliya, sau da yawa rabi ne ke isa gida. Wata ma bayan wata uku ko huɗu sai ta bugo ta ce uwar yarinyar ba lafiya, ta ɗauke ta, ta kai ta wani gidan don ta sake karɓar la'ada.

Ki nemi babbar mace, daga shekara 25 zuwa 45, wadda ta taɓa haihuwa ko ta yi reno a wani gida. Dattijuwa tana da haƙuri da sanin jarirai, sai dai ba za ta iya tseren ɗan shekara biyu ba, kuma gyara mata abu yana da nauyi, musamman maganar jiƙo da dauri. Cigiya kuwa ki fara ta inda za a ji kunyarki: malamar Islamiyyarku, abokan aikin da yaransu suka shiga makaranta suna shirin sallamar tasu, matan unguwa, dangin maigida. Kamfanonin samar da masu aiki ma suna nan. Idan ta nan za ki bi, ki je ofishinsu da ƙafarki, a rubuta miki nawa ne la'ada, sau nawa za su canza miki idan ba ku daidaita ba, kuma albashi a asusun wa zai shiga.

Kafin ki ga kowa, ku yanke shawara ke da maigida: mai kwana ko jeka-ki-dawo. A Abuja wannan magana ta hanya ce. Wadda ke Kubwa, Dutse Alhaji ko Dawaki za ta iya iso miki kafin bakwai. Wadda ke Mararaba ko Masaka kuwa, ko da asuba ta fito cunkoson Nyanya zai riƙe ta, kuɗin mota ya cinye albashin, wata biyu ta gaji. Mai kwana tana buƙatar ɗakinta ko boskwata, da makewayi, da ranar hutu. Idan babu wurin, kar a shimfiɗa mata katifa a falo a ce an ɗauki mai kwana.

Ranar da za ku gana, ki bar yaran a wurin. Abin da idonki zai gani ya fi abin da za ta faɗa. Ta wanke hannu kafin ta karɓi jaririyar? Ta tallafe mata kai? Da yaron ya fizgi mayafinta, ya fuskarta ta yi? Ki dubi farcenta. Tambayoyin kuma kar su zama na "kina son yara?", kowa zai ce e. Ki ce mata: jaririya ta yi ta kuka ta ƙi fida, wayata ba ta shiga, me za ki yi? Yaro ya faɗo daga kujera, goshi ya kumbura, ya daina kuka kafin in dawo, za ki gaya min? Me ya raba ki da gidan da kika bari? Ki karɓi lambar uwar ɗakinta ta baya ki kira da kanki, kuma ki tambaye ta abu ɗaya: da za ki sake haihuwa, za ki dawo da ita? Idan ta yi jim kafin ta amsa, kin ji amsar.

Wurin da mutane suka fi yin sakaci shi ne sanin asali. Hoton katin NIN ɗinta mai lamba 11, hotonta na yanzu, da mutum biyu masu tsaya mata, ɗaya ɗan'uwanta na jini, ɗaya mai aiki ko shago da za a iya samunsa. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba. Maigida ko ƙaninki ya raka ta har gidan da take zaune, a ga ƙofar, a gaisa da maƙwabta, in da hali a gaisa da mai unguwa. Wadda ta ce wai ba sai an je ba, ki bar ta. Daga nan ki kai sunanta da hotonta wurin masu gadin rukunin gidajenku, ki gaya musu ba ta fita da yara ƙofar waje sai kin bugo da bakinki.

Asibiti ke za ki biya, kuma da yardarta. Mafi muhimmanci tarin fuka, don shi ne ke bin iska ya kama jariri. Duk mai tari na sati biyu a yi mata gwajin majina, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sai ciwon hanta nau'in B, da duba fata saboda ƙazwa da makero. Ki duba katin rigakafin jaririyar ma, allurar sati 6, 10 da 14 kar a tsallake. Gwajin ƙanjamau kuwa, dokar hana nuna wa masu cutar wariya ta 2014 ta hana a mayar da shi sharaɗin ɗaukar aiki, kuma ba a ɗaukarsa ta goyo ko cin abinci tare. Abin da za ki kafa mata doka a kai shi ne kar ta taɓa sa wa jaririya nononta don ta yi shiru, kar ta tauna abinci ta ba yaro, kar a haɗa reza ko abin yanke farce. Maganar nonon ko ta fuskar addini ma kin san abin da take haifarwa.

Albashi ya danganta da unguwa da nauyin aikin, don haka ki tambayi gidaje uku a layinku. Ma'aunin da za ki riƙe shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 tun 2024. Dokar ba ta tilasta wa gida mai ma'aikaciya ɗaya ba, amma duk wadda aka biya ƙasa da haka sosai a garin nan idonta na kan wani gidan. Kuɗin mota daban ga jeka-ki-dawo. Ki biya ta asusunta, rana ɗaya tsayayya kowane wata. A rubuta a takarda guda: lokacin zuwa da tashi, hutun kwana ɗaya a sati, zuwa gida da Sallah ko Kirsimeti, sanarwar sati biyu kafin rabuwa. Aikin ma a fayyace. Mai renon yara biyu ƙanana ba za ta haɗa da girkin gida da wankin maigida da goge-goge ba. Idan aka ɗora mata, yaran ne za a ajiye gaban talabijin, ba tuwon ba.

Tunda kina da sati biyar, ki sa ta fara nan da sati biyu, ki biya ta kwanakin gwajin. Kwana uku na farko ke kina yi tana kallo, na gaba ita tana yi kina kallo. Sai ki fara fita na awa ɗaya, awa uku, ki dawo ba sanarwa. A nan ne za ki koya mata abubuwan da ba a barin su ga "ai na sani":

Nonon da kika tatsa yana awa 4 a ɗaki mai sanyi, kwana 4 a firji. Da zafin Maris da Afrilu ga ɗauke wuta, ki tanadi kula da ƙanƙara. Ana ɗumama shi ne a cikin kofin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta. Idan madarar gwangwani ce, ruwa ake fara zubawa sannan garin, cokali a shafe daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, kuma ragowar da jaririya ta sha ta bari a zubar bayan awa ɗaya. Ba ruwa, ba kunu kafin wata 6, ba zuma kafin shekara. Barci a rigingine, ba filo. Ba girgiza jariri komai kukansa. Ki nuna mata da 'yar tsana yadda ake yi wa jaririn da ya ƙware: a kifa shi a kan hannu kansa ƙasa-ƙasa, a buga tsakanin kafaɗu sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5.

Yayan shi ne ya fi fuskantar hatsari a gida. Bokitin ruwa a banɗaki ya isa ya halaka ɗan shekara biyu, a zubar ko a kulle ƙofar. Kalanzir da sinadarin wanki kar a zuba su a robar lemo. Fulas ɗin ruwan zafi a sama, gyaɗa da alewa mai tauri a ɓoye.

Magani kuwa ki sa a kabad ki riƙe makulli. Ba ta ba da komai sai ta kira ki. Idan kullum kina dawowa kina tarar da yaro yana barci mai nauyi, an tashe shi yana layi, ki binciki maganin mura ko na tari, akwai masu ɗura wa yara don su huta. Sauran alamun da za ki lura da su: zanzanar pampas da ba ta warkewa, nonon da kika bari bai ragu ba, yaron da ya fara maƙalewa a jikinki yana kuka da zarar ya ji muryarta bayan sun saba. Kyamara tana taimakawa a falo da ɗakin yara, ki gaya mata akwai ta, kuma kar a sa a ɗakinta ko banɗaki.

Ki rubuta lambarki, ta maigida, ta maƙwabciya ɗaya da ke wuni a gida, da lambar gaggawa ta 112, ki manna a jikin firji, ki bar mata kati a waya da kuɗin mota na gaggawa, ta kuma san asibitin da kuke zuwa. Waya ba a hana ta gaba ɗaya, a ce dai sai yara sun yi barci, kuma ba ɗora hotonsu a TikTok ko sitatus. Gyara idan ya taso ki yi mata a keɓe. Yaran su kira ta Anti ko Iya, abincin da kuka ci shi za ta ci. Ranar da ta gaya miki yaro ya faɗi, ki danne zuciyarki ki fara da godiya kafin tambaya, don idan kika balbale ta a karon farko ba za ki sake jin na biyu ba.

Ita kuma dillaliyar, ki ce mata kin gode, babba kike nema. Idan tana da babbar, ta kawo ta ku gana, la'adarta sau ɗaya, albashi kuma a hannun mai aikin.