Re: Marrakesh zuwa Warzazat a keke bayan ziyarar Fas, zan iya?

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu zama, don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce za ka je ziyara zawiyar Shehu Tijjani a Fas ta ƙasar Maroko, kana da mako guda bayan nan, kana son ka hau keke daga Marrakesh ka tsallaka duwatsun Atlas zuwa Warzazat. Ka ce duk Asabar kana yin kilomita 60 a hanyar Kano zuwa Wudil da kewaye, don haka a lissafinka kilomita 200 kwana biyu ne, in ya yi yawa uku.

Za ka iya, in sha Allah. Amma lissafin nan naka ka ajiye shi, domin irinsa na yi a zuwana na farko kuma na sha wuya.

Marrakesh tana kan tudu mai wajen mita 460 daga teku, kusan daidai da Kano ke nan. Mashigin da za ka bi, wanda suke kira Tizi n'Tishka, allon da aka kafa a samansa ya rubuta mita 2,260. Tsakaninsu kilomita ɗari da 'yan kai. Wato za ka ɗaga kanka da kekenka da kayanka sama mita 1,800, kuma a zahiri ya fi haka, don akwai wani ƙaramin mashigi a tsakiya, Tizi n'Ait Imger, mai mita 1,470, wanda in ka haye shi sai hanya ta gangara da kai cikin kwari, ka sake biyan bashin abin da ka sauka. Ni da kaya a kariya, mita 300 zuwa 350 nake hawa a awa guda in jikina na da daɗi. Raba ka gani. Awa shida zuwa bakwai na tsurar hawa, ban da sallah da cin abinci da tsayawar numfashi. A can mutum ba ya tambayar kilomita nawa suka rage, mita nawa zan hau yake tambaya.

A karon farko na bar Marrakesh bayan asuba da niyyar in kwana a bayan dutsen. Kilomita 35 na farko zuwa Ait Urir shimfiɗaɗɗiyar hanya ce, gonakin zaitun hagu da dama, har na fara raina masu ba da labari. Kafin la'asar cinyoyina sun ɗaure, ruwa ya ƙare, ina tura keke da hannu a gefen titi kamar mai tallan kalanzir. Wani mai a-kori-kura da ya ɗauko buhunan albasa ne ya tausaya, ya ɗora ni da keken har Taddart, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Allah Ya saka masa. Da na koma karo na biyu na raba tafiyar kwana biyar, sai na ga ashe wancan karon ban ga komai ba sai kwalta da tayar gaba.

Ga yadda na raba ta. Ranar farko zuwa Tufliht, wajen kilomita 60, inda iska ke fara sanyi kuma itatuwan daji ke rufe gefen hanya. Rana ta biyu gajera ce, zuwa Taddart, ƙauyen da motoci ke tsayawa cin gasasshen nama da tajin (dahuwar nama da kayan lambu a kaskon ƙasa) kafin su fuskanci lanƙwashe-lanƙwashen hanya na ƙarshe. Za ka ji kamar ka zarce. Kada ka zarce. Kilomita 15 ɗin da ke tsakanin Taddart da saman Tishka su ne ƙashin tafiyar, hanya na naɗewa a jikin dutse kwana bayan kwana, babu inuwa, ga manyan motoci da bas-bas na masu yawon buɗe ido. An faɗaɗa titin a 'yan shekarun nan, ya yi kyau, amma faɗin ya sa direbobi sun ƙara gudu. Ka fita da sassafe kafin motocin Marrakesh su iso.

Kafin in wuce, maganar keke. Ba tsadarsa ce abin dubawa ba, giyarsa ce. Ka duba ƙaramin faifan gaba ya zama mai haƙora 22 ko 24, babban na baya kuma 34 ko 36. Da irin wannan, juyin feda ɗaya ba ya kai tayar baya zagaye guda, abin da a Kano za a yi maka dariya a ce kana ta wutsil-wutsil a wuri ɗaya, amma shi ne zai ceci gwiwarka. Keken tsere mai siririyar taya ka bar wa masu shi. In haya za ka yi a Marrakesh, akwai shaguna masu ba da keken dutse, ka hau ka gwada kowace giya a gaban mai shagon, ka duba robar birki da idonka, ka ce a ba ka sababbi na ajiya. Tif biyu, kayan faci, famfo, makullan alan, ɗan man sarƙa. Kaya kada su wuce kilo goma. Na taɓa ɗaukar tanti da risho, ban kunna ko sau ɗaya ba, domin kusan kowane ƙauye a wannan hanya akwai ƙaramin masauki da za a ba ka katifa da bargo da abincin dare da na safe. Ka riƙe fasfonka kusa, ana rubuta shi a kowane masauki. Kuɗi kuma ka ciri dirhami isasshe tun daga Marrakesh, a ƙauyuka hannu da hannu ake yi.

In kana da hali kafin tafiyar, ka kai kekenka Filato ka hau Hawan Kibo sau biyu ko uku. Zai gaya maka gaskiyar giyarka da ƙirjinka fiye da duk abin da zan rubuta.

Yanzu abin da ya sa na zauna rubutun nan. In ka haye Tishka ka fara gangarawa, bayan 'yan kilomita kaɗan za ka ga wata ƙaramar hanya ta ɓalle hagu zuwa Telwet. Yawancin motoci miƙewa suke yi a babban titi don su isa Warzazat da wuri. Kai ka karya hagu. Babban titin nan Faransawa ne suka fasa shi a shekarun 1930. Kafin nan ayarin fatake da ke tsakanin Marrakesh da Sahara ta Telwet da kwarin Unila suke bi, da gishiri da zinariya da fatu da bayi. Har yau akwai wurin haƙar gishiri kusa da garin, za ka ga farin yana tsattsafowa a jikin jar ƙasa.

A Telwet ne gidan sarautar Galawa yake, dangin da suka yi arziki da kuɗin fito da suke karɓa daga ayari. Mafi shahara cikinsu Tuhami al-Galawi, wanda ya riƙe Marrakesh daga 1912, ya bi bayan Faransawa, har ya sa hannu aka tsige Sarki Muhammad na Biyar a 1953. Sarkin ya dawo a 1955, Galawi ya rasu farkon 1956, shekarar da Maroko ta samu 'yanci, aka bar gidan yana zubewa. Daga waje kango ne, shamuwa ta yi sheƙa a kan hasumiya. Da mai gadi ya buɗe mini wata ƙofa a ciki sai ga zaure an lulluɓe bangonsa da ƙananan tayil masu launi, sama da su sassaƙar farar ƙasa, rufin katako an zane shi kaf, taga kuma na kallon gonakin sha'ir. Na daɗe a tsaye da hular kwano a hannu. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe mutane kusan 3,000 a yankin Atlas, ta tsattsaga tsofaffin gine-gine da dama, don haka ka tambayi mai masaukinka wane ɓangare ake shiga kafin ka nufi can.

Daga Telwet zuwa Ait Bin Haddu wajen kilomita 50 ne, akasari gangara, kuma a ganina ita ce rana mafi daɗi. Kogi na ƙasa, koren lambuna siriri kamar an ja zare, gyaɗar turawa irin ta bishiya da ɓaure da rumman, ƙauyuka irin su Anmitar da Tamdakht sun manne a jikin dutse, launinsu ɗaya da shi, sai ka matso kake gane gidaje ne. Bahaushe ba zai ji baƙunta ba a nan. Ginin ƙasa ne, sai dai su ba tubali mai kan tulu suke jerawa kamar mu ba; katako biyu suke kafawa su zuba ƙasa mai ɗan danshi a tsakani su daddaka, in ta kama su ɗaga katakon sama. Na tsaya wajen wasu magina na fi awa, na nuna musu hoton Gidan Makama a waya, suka yi ta miƙa wa juna.

Ait Bin Haddu kanta hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya a 1987. Gidaje masu hasumiya huɗu a jere har saman tudu, rumbun gari a ƙololuwa. Gaskiya ta zama kasuwa, masu fim sun sha amfani da ita, yawancin mutanenta sun koma sabon gari a tsallaken kogi, 'yan gidaje kaɗan ne suka rage a ciki. Da rana cunkoso ne da masu talla. Ka kwana a nan, ka hau bayan asuba kafin bas ta farko, za ka same ta shiru. Daga nan zuwa Warzazat kilomita 30 ne kawai, sai dai iska kan taso da yamma.

Gangara ta fi hawa haɗari, wannan ka riƙe. Kada ka damƙe birki ka yi ta ja. In na roba ne wilin zai yi zafi har tif ya fashe. Ka matsa da ƙarfi kafin kwana, ka saki, in hannunka ya gaji ka tsaya. Sa rigar sanyi da safar hannu kafin ka fara sauka, domin duk mita dubu da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri shida, ga gumi a jikinka. Watanni masu kyau Afrilu da Mayu, sai Oktoba. A hunturu ƙanƙara kan sa a rufe mashigin, a Yuli da Agusta kuwa Marrakesh na haura digiri 40.

Mutanen duwatsun Barbar ne, yaren Tashilhit suke yi, amma sallama da ɗan Larabcinka za su kai ka. Ruwa "aman", gurasa "aghrum", godiya "tanimmirt". Malikawa ne kamar mu, Warsh suke karantawa, kuma bayan magariba za ka ji sun zauna sun ja hizbi baki ɗaya. A wani ƙaramin masallaci na ga yara da alluna da rubutun da ba shi da maraba da na tsangayarmu. Da liman ya ji na karanta da irin harshensu sai ya ja ni gida, aka kawo shayin na'a-na'a da gurasa da amlu, wani kwaɓin gyaɗar bishiya da zuma da man argan. Kada ka ɗauki hoton mata, ko na maza sai ka tambaya. Yara za su biyo ka suna neman biro da alewa. In kana da abin bayarwa ka damƙa wa malaminsu. Masu ɗaga duwatsu masu ƙyalli a bakin titi kuma, mafi yawan masu jan launi da shunayya rina su aka yi. Karnukan makiyaya in sun taso, sauka ka sa keken tsakaninku, gudu ne ke ƙara zuga su.

Dawowa ba sai ka sake hawa ba. Manyan bas-bas na Warzazat zuwa Marrakesh suna karɓar keke a matsayin kaya, ka biya kuɗin kaya daban, ka cire tayar gaba, ka je tasha da wuri kafin ma'ajiyar ƙasa ta cika. Ka rubuto mana watan da za ka tafi da haƙoran giyar kekenka, sai in ce maka ko da shi za ka je ko haya ta fi.