Shin Dutsen Kamaru zai sake aman wuta?

Tambaya: Ni direba ne daga Ngaundare, ina kai kaya Limbe. A kusa da Bakingili na ga baƙin tudun duwatsu da kwalta ta kewaye, aka ce min aman dutse ne. Zai iya sake yi? Kuma in ya yi, mutum zai samu ya tsira?

Amsa: Malam, abin da ka gani narkakken dutse ne da ya daskare. A ƙarshen watan Maris na 1999 Dutsen Kamaru ya tsage ta gefen kudu, wutar ta gangaro tana cin daji da gonakin kwakwar manja har ta yanke hanyar Limbe zuwa Idenau, ta tsaya gab da teku. Da ta huce, sai aka lanƙwasa hanyar aka kewaye ta. Ka ɗauki ɗan guntu ka duba: baƙi ne, mai kaushi, duk ƴan ramuka kamar soso. Ramukan nan wurin da iskar gas ta fita ne lokacin da yake tafasa.

Zai sake, babu shakka. Dutse ne mai rai, tsayinsa ya haura mita 4,000, kuma ya yi amai a 1909, 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. Na 1909 ya sa Jamusawa suka bar garin Buya da ke gindin dutsen, hedikwatarsu ta lokacin, suka koma Duwala na ɗan lokaci. Yana kan wani dogon layin tsaunukan wuta da ya taso daga tsibiran teku irin su Biyoko, ya ratsa Kamaru har tudun Adamawa da na Biu a jihar Borno.

Batun tsira kuwa, ka kwantar da hankalinka. Narkakken dutsen wannan tsauni mai ruwa-ruwa ne, gas yana fita daga cikinsa da sauƙi, don haka ya fi malala maimakon fashewa gaba ɗaya. In ya iso gangare tafiyarsa a hankali take, mai tafiya da ƙafa ma ya fi shi sauri. Kafin ya ɓarke kuma yakan yi ta girgiza ƙasa, tsofaffin gidaje su tsattsage. A 1999 an samu sararin kwashe mutanen Bakingili. Toka dai tana cutar da ido da ƙirji, tana ɓata ruwan sha, sai a rufe hanci a rufe randa.

Ni abin da ya fi tsorata ni a wannan layin tsaunuka ba ya zuwa da wuta. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutsen wuta, ya saki iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari ta kashe mutane sama da 1,700 da dubban shanu, da yawa suna barci. Tun 2001 aka kafa bututu a tafkin yana fitar da iskar kaɗan-kaɗan.

In kana Limbe ka ji ƙasa na yawan motsi, ko hukuma ta rufe hanya, kada ka matsa don kaya. Ka juya motarka.