Tambaya da Amsa: Ban iya zane ba, zan iya karatun zanen gine-gine?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu gurbin karanta zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, amma ban taɓa iya zane ba. Waɗanda suka riga ni shiga kuma suna ta tsorata ni, wai ba a barci. Mahaifina ya ɗauka shekara huɗu zan yi in fito akitek. Don Allah yaya abin yake? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya albarka.

Batun zane ki kwantar da hankalinki. Ba hoton mutum za a ce ki zana ba. Da rula da ma'auni ake yinsa, kuma hannu yana faɗawa tun a ajin farko. Daga baya ma kwamfuta za ki koma, ki yi amfani da manhajojin zane irin su AutoCAD da Revit. Lissafi da fiziks ne dai ba a wasa da su, don akwai darasin yadda gini ke ɗaukar nauyi.

Inda ake jin jiki shi ne situdiyo, wato ajin da ake koyon tsara gini a aikace. Malami zai ba ku fili da buƙata, a ce ƙaramin asibiti ko gidan iyali, ki je ki duba wurin, ki gane inda rana ke fitowa, inda ruwan sama ke bi, sannan ki fitar da tsarin ɗakuna, ki zana gaban ginin da cikinsa, ki haɗa samfurinsa da kwali. Daga nan sai juri: ki manna aikinki a bango, ki tsaya gaban malamai ki kare shi. Wani zai tambaye ki me ya sa kika buɗe babbar taga ta yamma, alhali kin san ranar la'asar ta Zariya a watan Afrilu. Wani ya ce ina mace za ta bi ta shiga cikin gida idan maigida na da baƙi a falo? Aikin mako shida kan iya rushewa cikin minti goma, kuma a gaban 'yan ajinku. Wannan ne ke sa wasu kuka, ba rashin iya zane ba. A ganina ɗalibin da ke kai wa malami zanensa tun yana ɗanye, a soke, ya gyara, ya fi mai gwanintar hannu da ke ɓoye aikinsa sai ranar juri.

Rashin barci gaskiya ne, musamman makon miƙa aiki, sai dai jinkiri ne ke ninka shi. Ki kuma shirya wa kashe kuɗi: takardu, kwali, buga manyan zane, da laftof mai ƙarfi zuwa aji biyu ko uku.

Shi kuwa Baba, a gaya masa tun yanzu. Shekara huɗun digirin farko ne kawai. Akwai digiri na biyu, shekara biyu, ga bautar ƙasa, sai ki yi aiki ƙarƙashin akitek mai rajista kamar shekara biyu, ki zauna jarrabawar ƙwarewa, kafin ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Najeriya da aka kafa a 1969, ta yi miki rajista. Kafin nan doka ba ta yarda ki kira kanki akitek ba.

Amma kin dace da wuri. Sashen zanen gine-gine na jami'arku da ke Samaru shi ne mafi daɗewa a Najeriya; a Ibadan aka fara karatun a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955, tun kafin kafa jami'ar a 1962. Ga kuma birni kusa da ke. Masallacin Juma'a da shahararren magini Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, yana nan cikin sabon ginin da aka kewaye shi da shi, da bakan gizonsa na azara da ƙasa. Abin takaici, ɗalibai da yawa sun fi sanin gine-ginen Dubai a waya. Kafin a koma karatu, ki sami tsohon soro a cikin birni, ki nemi izini ki auna kaurin bangon tubalin da faɗin tagoginsa, ki zauna ciki da azahar, sannan ki shiga ɗakin bulo mai rufin kwano ki ji bambanci. Ki rubuta ma'aunin a littafi, za ki buƙace shi a situdiyo.