Amsoshin Wasiƙunku: Zazzaɓi da Kwalbar "Ƙarin Ƙarfi"

Wata uwa daga Marwa, a ƙasar Kamaru, ta rubuto: "Ɗana ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro, ya rame har haƙarƙari sun fito. Mai tallar magani ya ce in sayi kwalbar ƙarin jini da ƙwayar buɗe ciki, jaka huɗu. In saya?"

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ramar tana da dalili. Jiki in yana yaƙi da cuta murhu ne da aka iza wa itace: duk digiri 1 da zafi ya ƙaru, abin da yake ƙonawa kan ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Ga shi garkuwar jiki da kanta ke toshe sha'awar abinci, sai jiki ya koma cin tsokarsa. Ki ba shi kunun gyaɗa, ƙwai, wake, kifi, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. In tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, asibiti za ki, a auna jininsa.

Ƙwayar nan kuwa, a kanta zan tsaya. Da yawa cikin abin da ake ƙullawa a leda da sunan buɗe ciki ko sa ƙiba Dexamethasone ne, wani magani mai ƙarfi da likita kan rubuta don wasu cututtuka. Yana kumbura kumatu, ki ce lafiya ta samu, alhali garkuwar yaron yake dannewa, yana hau da sukarin jini. Kwalbar ma ta wuni a faranti, ranar Marwa na gasa ta, kwanan watanta a kankare. Kullum ina faɗa: mu da za mu yi cinikin albasa har murya ta dushe, mu ne ke miƙa wa mai faranti jaka huɗu ba tambaya! Kuɗin nan ƙwai nawa za su saya?

Wani daga Garwa: "In na ji kasala, ƙarin ruwa nake sa a yi mini a gida. Leda nawa ta isa?"

Haba malam! Ledar ƙarin ruwa ta gulukos mai kashi 5 cikin 100, rabin lita, sukari giram 25 ne a ciki. Shayinka na safe ya fi ta. Je ka a gwada jininka.

Wani dattijo daga Kusiri: "Ina da ciwon sukari. Mura ta hana ni cin abinci, amma awo ya hau. Na'urar ce ta lalace?"

Baba, na'urarka lafiya lau. In cuta ta shiga, hanta kan saki sukari cikin jini ko ba ka ci komai ba. Kada ka yanke magani da kanka, ka yawaita shan ruwa da awo. In amai ya fara, kada ka kwana a gida.