Injin busar da kaya: gyara, saye, ko a koma wa igiyar shanya?

Tun da Agusta ya kama, ruwa ya hana shanya sakat a Zariya, tambayoyin da ke zuwa mini suka koma kan injin busar da kaya, wanda 'yan kasuwa ke kira draya. Na zaɓi huɗu.

Wata uwargida daga Hanwa ta rubuto: "Malam, injina ɗan Beljiyom ne, shekara uku ke nan ina aiki da shi. Da farko ya koma sai ya yi awa uku kafin tawul ya bushe. Yanzu kuma gangar tana juyawa, amma kaya na fitowa da sanyinsu. Mai gyara ya ce fis ne ya ƙone, zai haɗe wurin da waya kowa ya huta, ko kuma in sayi sabon inji. Wanne zan yi?"

Hajiya, kada ki yi ko ɗaya. Mai gyaran yana iya yin gaskiya a kan fis ɗin, amma maganin da ya kawo gyaran gangar Auzinawa ne. Wannan ɗan fis ba na wutar NEPA ba ne, na zafi ne. An sa shi ne don ya yanke wuta idan cikin injin ya yi zafin da ya wuce ƙima, kuma sau ɗaya yake aiki, in ya yanke sai sabo. Wanda ya haɗe shi da waya ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe. Burbushin audugar da ke taruwa a cikin injin nan kuwa, ko ashana ba ta fi shi saurin kamawa ba.

Amsar tana cikin wasiƙarki, a wurin da kika ce ya koma yin awa uku. Aikin injin ba wani sihiri ba ne: yana jan iska, ya ɗumama ta, ya bi da ita ta cikin kaya, sannan ya fitar da ita da danshin. Da zarar hanyar fita ta toshe, danshi ba ya tafiya, zafi yana taruwa, kaya su ƙi bushewa, daga ƙarshe fis ya yanke. Ko an sa sabo, in ba a buɗe hanyar ba, kafin damina ta fita zai sake ƙonewa.

Ki fara zare filogi daga bango. Ki ciro ragar nan da ke bakin ƙofa, wadda ya kamata a share duk bayan busarwa ɗaya. Share ta da hannu bai isa ba wani lokaci, don sabulu da turaren wanki suna yi mata wani danƙo da ido ba ya gani. Ki tara ta a famfo: in ruwa ya kwanta a kai bai zuba ba, ki wanke ta da burushi, ki bari ta bushe. Sai ki leƙa ramin da take zama, a nan ake samun ɗan tsibi. Sannan babban tiyon baya, mai faɗin inci 4, a cire shi a kakkaɓe tun daga gindi har inda ya leƙa waje. Na sha ganin wanda aka tura inji jikin bango har tiyon ya lanƙwashe, na kuma taɓa ciro sheƙar ɓera daga wani. In kuwa naki mai tankin ruwa ne, wanda ba shi da tiyo, akwai wani akwati a ƙasa da ake zarowa a wanke da ruwa kamar sau ɗaya a wata, tankin kuma a zubar kullum.

Bayan wannan ne za a koma kan gyara. Wasu injinan Turai suna da ɗan maɓalli a baya da ake dannawa zafi ya dawo, a fara duba shi. In babu, ki ce mai gyara ya zo da mitarsa ya gwada abu uku a gabanki: fis, na'urar daidaita zafi, da ƙarfen hita. Wanda bai nuna wuta na bi ta cikinsa ba shi ne ya mutu. A cire shi a tafi da shi Sabon Gari a nemo irinsa, mai lamba ɗaya, don adadin zafin da yake yankewa a rubuce yake a jikinsa. Mai gyaran da ya ce ba ya buƙatar mita, ki ba shi kuɗin mashin ki sallame shi.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba: ƙarancin wuta. An ƙera injin ne don wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240. In ta sauko 170, kamar yadda ake gani a unguwanni da yawa da magariba, zafin da hitar ke bayarwa yakan ragu kusan rabi. Mutum ya yi ta zargin inji, alhali yunwa yake ji. Ki gwada kunna shi da hantsi ki gani.

Wani magidanci daga Tudun Wada ya ce: "Zan aurar da 'yata bayan damina. Mahaifiyarta ta dage sai an sa draya a kayan ɗaki, wai yanzu haka ake yi. Gidan da za a kai ta mita mai kati ne. Ya cancanta?"

Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Amma ka fara tambayar Hajiya wace draya take nufi, don a kasuwa abu biyu ake kira da sunan nan. Akwai injin wanki mai baki biyu, wanda ɓangarensa ɗaya ke wulwula kaya ya matse ruwan. Wannan ba ya ɗumama komai, wutar da yake ci kaɗan ce, ƙaramin janareto ma yana ɗaukarsa, kuma kayan da ya matse ko a baranda aka rataye su za su bushe. In shi ne, ka saya da ƙarfin gwiwa.

In kuwa mai zafin take nufi, to ga lissafi. Yana jan wat 2,000 zuwa 3,000, busarwa ɗaya takan cinye yunit uku zuwa huɗu. A Afrilun 2024 aka kai yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin Band A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, sai ka ninka ka ga abin da ango zai riƙa biya a kan kwando ɗaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma a nan kai za ka saya, wani zai tara hannu. Ga shi yana son soket nasa shi kaɗai da waya mai kauri, ba ya zama a kan ekstenshan, sitabilaizar firij kuma ba za ta ɗauke shi ba. Akwai sabon samfuri mai kwamfireso irin na firij, wanda wutarsa ba ta kai rabin wannan ba, sai dai tsada, kuma kansa na lantarki ba ya jure wasan wuta.

Sannan mu duba garin da muke. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, zanen da aka shanya da hantsi ya bushe kafin azahar. Kwanakin da ake matsuwa da gaske ba su wuce na Yuli zuwa Satumba ba. Me ma za a zuba a ciki? Shadda ba ta shiga, zafi yana kashe mata ƙyalli, wurin masu bugu za ta. Leshi mai duwatsu ba ya shiga, hula tana da mai wankinta, hijabin roba yamutsewa yake yi. Abin da ya rage tawul ne, zanin gado, da kayan yara. Shi ya sa nake cewa injin nan na gida mai goyo ne, ko masu sana'ar wanki da guga, ko mai zama a bene babu tsakar gida. Ka ajiye kuɗin, in Allah ya kawo rabo a ranar suna a sake zama. Yadda za ka shawo kan Hajiya kuwa, wannan ya fi ƙarfin ilimina.

Wani malamin jami'a daga Samaru, wanda ke shirin dawowa daga karatu a Amurka, yana tambaya ko ya sako drayarsa a kwantena.

Malam, ka sayar da ita can. Ta Amurka an yi ta ne don wutar gidajensu, mai layi biyu na 120 da ke haɗuwa su ba da 240, a kan bugu 60 (sau nawa wutar ke juyawa a sakan ɗaya), mu kuma layi ɗaya ne a kan bugu 50. Hitarta na shan 240, motarta na shan 120, tana kuma jan kusan wat 5,000. Canza filogi ba ya magance wannan, taransifomar da za ta iya da ita kuwa kuɗinta ya isa sayen wata a nan. Wanda ke Ingila ne zai iya kawo tasa ya jona kai tsaye.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah a Gyallesu: injinta yana ƙara kamar na markaɗe, jiya kuma motar na gunji amma gangar ta tsaya.

Hajiya, ki buɗe ƙofa ki juya gangar da hannu. In ta tafi sakayau babu nauyi, bel ne ya tsinke, kuma yana cikin gyare-gyare mafiya araha. Lambarsa tana jikinsa, a tafi da tsohon. Ƙarar da ta riga shi kuwa yawanci boris ne ko ƙananan tayoyin da gangar ke hawa, a canza su tare tun da an riga an kwance. Yawan loda kaya ke jawo hakan, kada a wuce rabin ganga da ɗan ɗoriya. Kada kuma ki yarda a zuba tsumman da ya taɓa fetur, kalanzir ko man gyaɗa, ko da an wanke shi. In damina ta wuce za ki ajiye shi, ki share ragar, ki toshe bakin tiyon saboda ɓeraye, ki lulluɓe shi da tsohon zanin gado kafin ƙurar hunturu ta sauka.