Katafila za ta iya cike mini kududdufi in yi gini a kai?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na sayi filoti uku a haɗe a bayan Ɗorayi, ina so in gina makarantar Islamiyya. Gefe guda tudu ne mai marmara, ɗaya gefen kuma tsohon kududdufi ne da aka daɗe ana zuba shara. An ba ni shawara in ɗauko katafila ta kwana biyu, ta ture tudun cikin ramin, ta bi ta kai ta danne, sai a fara haƙa fandisho. Hakan ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ida nufi. Ture tudun aikin katafila ne, babu ko shakka. Dannewar ce ba aikinta ba, kuma nan ne mutane ke asarar dukiya.

Abin da muke kira katafila a Kano sunan kamfani ne, wato Caterpillar na Amurka, wanda aka kafa a 1925. Sunan ya bi duk wata buldoza, ko ta Komatsu ce ta Japan, ko Shantui ta China. An ƙera ta ne don ta yanki ƙasa da farantin gabanta ta tura. A bayanta akwai wata ƙatuwar ƙugiya da direbobi ke ce wa rifa, ita ake kafawa a ja ta farfasa marmarar da diga ba ta iya karyawa. Don haka tudun nan naka, katafila samfurin D6 ko D7 za ta baje shi. Kuma tazarar ta yi daidai, domin turin katafila yana biyan kuɗinsa ne idan bai wuce mita 100 ba. Ya zarce haka, gara a loda a tifa.

To, me ya hana ta danne ƙasa alhali D6 ta kai kusan tan 20? Dubi ƙafarta. Tana tafiya ne a kan sarƙa mai faɗi da tsawo, wadda ke rarraba nauyin a wuri mai yawa. Shi ya sa za ka gan ta tana ratsa taɓon da tifa ke kafewa har ciki. Abin da ya hana ta nutsewa shi ne ya hana ta danna ƙasa da kyau. Sama za ta yi sumul kamar tsakar gida, ƙasa kuwa sako-sako.

Na taɓa zuwa duba wani gida da aka gina a irin wannan ciko. Damina biyu kacal ya yi, bangon falo ya tsage har kana hango hasken waje, ƙofar ɗaki ta daina rufuwa. Da muka haƙa gefen fandisho, ƙafa huɗu muka yi muka tarar da baƙar ƙasa mai wari, ledoji da tsummokara da tsofaffin takalma. Mai gidan yana tsaye, bai ce uffan ba. Har yau ina jin ciwon abin, domin kuɗin fanshonsa ya zuba. Kududdufan Kano galibi ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne tun zamanin kakanni, kuma sharar da ta taru a cikinsu tana ci gaba da ruɓewa tana lotsawa shekara da shekaru. Kai kuma yara za ka zuba a ginin nan.

Abin da ya kamata shi ne a fara kwashe sharar da laka baki ɗaya da eskabeta, wato injin haƙa mai dogon hannu, tifa ta fitar da su, har sai an taɓo ƙasa ta asali. Sannan katafila ta riƙa turo jar ƙasa ko burji tana shimfiɗawa inci 6 zuwa 8, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta kai sau da yawa, kana a ƙara wata shimfiɗar. Ruwan ma da ƙa'ida: ka dunƙula ƙasar a hannunka, ta kama jikinta ba tare da ta jiƙa maka tafi ba. Haka ake gina madatsun ruwa da ƙasa irin na Tiga, wanda aka yi a zamanin Audu Bako, shimfiɗa kan shimfiɗa. Ko bayan an gama, a yi gwajin ƙasa kafin injiniyan gini ya zaɓi irin fandishon da zai dace. In so samu ne ma, ka ɗora ajujuwa a ɓangaren tudun, wurin kududdufin ya zama filin wasa. Ka kuma tambayi kanka inda ruwan unguwa zai nufa idan ramin ya cike, kada ka tura wa maƙwabta ambaliya. Ka nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, tun kafin injin ya shigo.

Wajen haya, kada ka tsaya a kuɗin yini kawai. Katafila ba ta hawa kwalta da ƙafarta, babbar mota ce ke ɗauko ta, kuma kuɗin kai da kawowa yawanci a wuyanka yake. Ka je da direban ya ga lungun da za a shiga da wayoyin wuta. Ku yi magana a fili kan wa zai sayi man dizal, awa nawa ne yini, da abin da za a yi in injin ya lalace ana cikin aiki. Ka kafa turaku masu tsumma a kan iyakokinka, ka nuna masa inda bututun ruwa ya bi, ka sa mutum guda ya tsare yara, domin direba ba ya ganin abin da ke dab da farantin.

Ka bari damina ta wuce. Daga Nuwamba ruwan kududdufin zai fara ja baya, zuwa Fabrairu ko Maris eskabeta za ta iya kaiwa gindinsa.