Bayan ritaya, me ya rage wa mutum?

Baba, Allah ya ƙara girma. Ka ce ka cika shekara 35 a aikin gwamnati ka ajiye, yara duk sun kama gabansu, yanzu in ka dawo daga Asuba sai ka rasa abin da za ka yi da yinin.

Haka mahaifina ya yi. Wata shida yana goge takalminsa kowace safiya, ba inda za shi. A ganina ba ofis yake kewa ba, kewar a neme shi yake. Abin da ya tashe shi ƙarami ne: yaran unguwa uku da yake koya wa lissafi a zaure bayan La'asar. Daga baya ya koma gaban malami ya ɗauko Ahalari daga farko, yana dariyar kansa wai da furfura.

Ka nemi abu guda mai ƙayyadadden lokaci, wanda in ba ka zo ba wani zai yi cigiyarka. Sulhu a unguwa, kwamitin masallaci, ko 'yan tumaki biyu a bayan gida.

Sai dai a kula. Kada ka zuba kuɗin sallama a sana'ar da ba ka sani ba don kawai gudun zama. Da yawa sun ƙone a nan. Kuma kada gidajen 'ya'ya su zama sabon ofishinka.

In barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, komai ya fita ranka har sama da mako biyu, wannan ba tsufa ba ne. Yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Ka ga likita, ka faɗa masa yadda ka faɗa mana.